Girgizar Ƙasar da Na Ƙirƙiro wa Kaka

Ni na cire indararon ɗakin Kaka. Gara in faɗa da bakina tun kafin ƙanwata ta riga ni. A shekarar ina ajin katiriyam, wato shekara ta uku, a kwalej ɗinmu na Dungas, kuma malaminmu na kimiyya, wanda muke kira Mushe kawai, wato malam a bakin ƴan makarantar Faransanci, kamar babu wani mushe a duniya, ya ce kowace ƙungiya ta gina dutse mai aman wuta da laka. Sauran ƙungiyoyi suka yi nasu kamar malmalar tuwo. Ni na ce namu sai ya kai ƙugu, sai an hango shi daga Mallawa. Irin wannan dutse kuwa yana son maƙogwaro, wato bututun da wutar za ta bi ta fito. Na duba gidanmu kaf, ban ga abin da ya dace ba sai indararon kwano da ke bayan ɗakin Kaka, wanda ke kwashe ruwan sama daga kan soro ya watsa shi nesa da bango. Lokacin sanyi ne, damina tana can wata biyar gaba. Na taka turmi, na jijjiga shi sau uku ya fito, na naɗe shi ya zama bututu. Na ce in an gama zan miƙe shi in mayar.

Ranar gwaji Mushe ya yi mana bayani cewa can ƙarƙashin ƙasa akwai dutsen da zafi ya narkar, cike da iska, kamar lemon kwalba da aka jijjiga, in ya samu ƙofa sai ya taso. Muka zuba kanwar dala biyar a bututun. Na tsiyaya ruwan tsamiya da zoɓo a kai don ya fito ja kamar wuta, na ce wa ƴan matan gaba su ja da baya. Muka jira. Can ciki ya yi ta ƙugi, sannan wata kumfa baƙa-baƙa mai ratsin kore ta leƙo ta zauna a bakin dutsen. Kanwa ta ɓata launin zoɓon. Wani daga baya ya ce saniyar wa ta shigo aji. Aka bar dutsen a bayan kilas, yara suka farfasa shi, bututun ya bi duniya. Ni ma na manta da shi.

Darasin girgizar ƙasa ne ya biyo baya. Mushe ya shigo da busasshen karan gero yana lanƙwasa shi a hankali.

"Kun ji wani abu?"

"A'a, Mushe."

Ya ƙara lanƙwasawa. "Yanzu fa?"

Kafin mu amsa karan ya karye, har na gaba suka zabura. Ya ce haka ƙasa take. Ɓawon duniya ba guda ɗaya ba ne, manyan falle-falle ne kamar ƙanzon da ya tsattsage a gindin tukunya, kuma suna tafiya a hankali, kusan yadda farce ke tsiro. Inda biyu suka haɗu sai su maƙale, ƙarfi ya yi ta taruwa shekara da shekaru ba a jin komai, rana ɗaya dutsen ya gaji ya zame. Wannan zamewar ita ce girgiza. Ya sa muka gwada abin da ake yi: ka durƙusa, ka shiga ƙarƙashin tebur, ka rufe kai, ka riƙe ƙafar teburin. Mu uku-uku ne a benci, teburin kuwa ko mutum ɗaya da rabi ba ya ɗauka, ni kaina ne kawai ya samu wuri, sauran jikina yana waje yana jiran ajali. Ya ce in kana waje ka nisanci bango da wayar lantarki. In ka fito kada ka koma ɗaukar komai, domin girgiza tana da ƙannen da ke biyo bayanta.

Sai ya faɗi abin da ya sa ajin ya yi tsit. Ya ce ba ƙasa ce ta fi kashe mutane ba, abin da suka ɗora a kansu ne, kuma mafi haɗari shi ne bangon laka mai ɗauke da rufi mai nauyi. Kusan dukanmu a irinsa muke kwana. Ya ƙara wata magana don ya kwantar mana da hankali, amma ban ji ta ba, ina ɗaure rigar na gabana a jikin benci.

Ruwan farko ya sauko ana saura mako uku a rufe lakwal, wato makaranta. Kowace shekara kafin damina Baba yakan hau soro ya duba, ya yi yaɓe, amma a shekarar ya makara a ci-rani, ranar da ya dawo washegari aka yi ruwan shuka, ya wuce gona da Inna da yayyena. Bayan ɗakin Kaka lungu ne tsakaninsa da katanga, ba mai shiga sai kaji. Bayan ruwa na biyu na bi wata kaza da nake zargin tana ɓoye mana ƙwai, na ɗaga kai na kalli bangon.

Inda indararon yake, laka ta zube ta toshe rabin ramin. Ruwa ya bi bango ya ci hanya tun daga sama har ƙasa, kwari guda da hannuna zai shiga. Gefensa kuma tsaga ce, daga ƙarƙashin azara ta gangaro a karkace zuwa kusurwa. Azara su ne itatuwan giginya da ke ɗauke da rufin, kuma bakin guda uku suna zaune daidai inda bangon ya jiƙe. A cikin ɗakin, ƙarƙashin waɗannan ukun, nan gadon Kaka yake.

Kaka mahaifiyar Baba ce. Gwiwoyinta sun daina aiki tun ban shiga kwalej ba, daga gado zuwa bakin ƙofa tafiyar yini ce a wurinta. Da kowa ya tafi gona takan koma ciki ta kwanta har la'asar. Ɗakin kuma marigayi Kakanmu ne ya gina shi da hannunsa. An taɓa yi mata tayin ɗakin tol, mai rufin kwano, ta ce ita ba gyaɗa ba ce da za a soya.

Na yanka tsohon bido, wato jarkar roba, na cusa a ramin, ya faɗo. Na sake cusawa, ya faɗo tare da dunƙulen laka ya fi kaina girma. Na daina taɓawa. Sai na tuna Mushe ya taɓa cewa masu duba gine-gine bayan girgiza suna manna wani abu a kan tsaga su ga ko tana ƙaruwa. Na yagi takarda daga kayena na rubutu, na jiƙa ƙaro, na manna ta gicciye a kan tsagar, na ja ta ta miƙe sosai. Washegari da safe na tarar ta rabe biyu, tsakaninsu ƙwayar gero za ta wuce. Na manna wata. Ita ma ta yage.

Abin da ya kamata in yi a fili yake. Amma watanni biyu kafin nan na saki jakin maƙwabcinmu a cikin filin ƙwallo, kuma Baba ya aiko daga ci-rani cewa in na ƙara ko da fasa ƙoƙo ne, na gama lakwal, gona tana jirana. Baba ba ya maimaita magana. Don haka na zauna na yi tunani irin nawa: ina so Kaka ta fita daga ɗakin, ba na so a tambayi indararo. Sai dabara ta zo mini, kuma a lokacin na ɗauka ba a taɓa yin mai hankali kamata ba a duk ƙasar Damagaram.

Na same ta tana ɓare gyaɗa a bakin gado.

"Kaka, girgizar ƙasa na zuwa."

"Maigidan nawa ya dawo. Ina cefanen?"

"Da gaske nake. Mushe ya ce cikin makon nan. Kuma ya ce masu ɗakin soro su fita."

"Shi mushen naka a gindin bishiya yake kwana?"

"Falle-fallen ƙasa ne suka maƙale, Kaka. Ƙarfi yana taruwa."

"Shekarata nawa a kan ƙasar nan, ko tari ban taɓa jin ta yi ba. Sai da ka shiga boko za ta fara rawa? Miƙo mini faifan can, ja'iri."

Na kira ƙanwata, mai shekara tara, muka nuna mata yadda ake shiga ƙarƙashin gado a rufe kai. Kaka ta yi dariya har da hawaye, ta ce in ta shiga ƙarƙashin gadon nan sai dai a haƙa rami a fito da ita. Muna cikin haka na ga wani siririn yashi ya zubo daga rufi ya sauka a kan zanenta. Ta kaɗe shi ba ta ko kalli sama ba.

Abin da ban lissafa ba shi ne bakin ƙanwata. Kafin magariba ta kai labarin bakin famfo. Washegari matar da ke sayar da ƙosai a hanyar lakwal ta ce mini ta ji ranar Juma'a ce. Wani ɗan kabu-kabu ya ce a Sassumbrum ma an fara ji, tukwane suna motsi. Wata maƙwabciyarmu ta fitar da langunanta duka ta jera a tsakar gida. Kowa ya fita daga ɗakinsa, ban da mutum ɗaya da na yi ƙaryar dominta.

Ranar Alhamis da aka tashi da tsakar rana Mushe ya ce in tsaya. Ya jira kowa ya fita.

"An ce na ce za a yi girgizar ƙasa gobe."

Na kalli ƙafata.

"Jiya matata ta hana ni kwana a ɗakina. Ta ce ai ni na faɗa." Bai yi murmushi ba. "Me na ce muku a ƙarshen darasin?"

"A riƙe ƙafar tebur."

"Bayan wannan."

Ban sani ba. Ya je tablo ya zana Afirka da alli, ya diga ɗigo a tsakiya. Ya ce nan muke, a tsakiyar falle, kan tsohon dutsen da ya daɗe da zama, nesa da bakin da ake gogayya. Ba a ce ba za a taɓa jin motsi ba har abada, amma mai rusa gari ba a nan ta saba zuwa ba. Kuma ko a ƙasashen da take yawan zuwa, da duk na'urorinsu, babu wanda ya iya cewa ga rana ga sa'a. Duk wanda ya ba ka rana, ƙarya yake.

"To kai ba wawa ba ne, shaƙiyyi ne kawai. Me ya sa ka yi?"

Na ciro takardun nan biyu da suka yage daga aljihu. Na faɗa masa komai, har turmin da na taka. Ya ɗauki takardun ya haɗa bakinsu yana kallo.

"Kwana nawa tsakaninsu?"

"Ɗaya-ɗaya."

"Ba a yi ruwa ba a tsakani?"

"Ba a yi ba."

"Wa ke kwana a ciki?"

"Kakata. Da rana ma tana ciki."

Ya leƙa ta taga, ni ma na leƙa. Gabas ta haɗe, baƙi ƙirin daga ƙasa har sama, iska ta tsaya cak. Ya ce bangon da ke buɗewa ba ruwa ba iska, in ya sha ruwa na uku ba ya bukatar girgizar kowa. Ya tambayi ina Baba, na ce gonarmu ta hanyar Mallawa, tafiyar awa guda. Ya ce shi zai nemi moto, wato babur, ya je ya kira shi.

"Kai ka tafi gida ka fito da ita. Ka faɗa mata gaskiya, tunda ƙaryar ba ta ɗaga ta ba."

Na yi gudun da ban taɓa yi ba. Takalmina ɗaya ya tsinke a bakin kasuwa, na bar shi. Ina shiga gida iska ta taso, ƙyauren zaure yana bugawa. Ba kowa sai ƙanwata tana kwashe shanya. Na ce ta shimfiɗa tabarma a ɗakin Inna mai tol, kada ta biyo ni.

Kaka tana kwance, fuskarta ga bango. Ɗakin yana warin jiƙaƙƙiyar laka. Daga ciki ban taɓa lura ba, ta rataye tsohon zane a kusurwar, daidai inda tsagar take.

"Kaka, tashi. Babu girgizar ƙasa, ƙarya na yi."

"Wannan ne labarin?"

"Ni na cire indararonki tun lokacin sanyi. Ruwa ya ci bangon. Ya tsage, kullum yana ƙara buɗewa. Azara uku suna kan wurin."

Ta juyo a hankali ta dube ni. Na jira zagi. Na ma so ta zage ni, da ya fi sauƙi.

"Huɗu ne," ta ce. "Ba ka iya ƙirga ba. Ta huɗun tana kuka da asuba."

Ta sani. Kwana shida yashi yana zubo mata a fuska, ita ta sa ƙanwata ta rataya zanen ba tare da ta gaya mata dalili ba. Ta ce in ubana ya gani zai kira magini, magini kuma ba ya gyara irin wannan, rushewa yake. Ta ce mai ɗakin ya yi wata biyu yana taka lakar nan da ƙafarsa, shatin yatsunsa yana nan a saman ƙofa, in na ɗaga kai zan gani. Ban ɗaga ba. Ɗigon farko ya fara sauka a kan soro, manya-manya, ɗaya bayan ɗaya.

"Kaka, don Allah."

"In kwana ya ƙare, ko a fili ne sai an tafi."

"To ni ma ina nan." Na zauna a ƙasa daidai ƙarƙashin azarar, na harɗe ƙafa. "In ya faɗo ya same mu tare. Sai ki yi wa Baba bayani."

"Tashi daga nan, ɗan nema."

"Sai kin tashi."

Ruwan ya kece. A cikin soro ba a cika jin ruwa ba, amma a ranar ina jin sa yana gudu a cikin bangon, a bayan zanen. Zanen ya fara yin duhu daga sama. Wani dunƙule kamar ƙwan kaza ya faɗo tsakanina da gado ya fashe. Muka kalle shi mu biyu. Sai wani abu a sama ya yi ƙara, siririya, irin ta tsohon ƙyaure.

"Juyo bayanka," ta ce.

Na durƙusa ta hau. A ido Kaka ba ta kai damin kara ba, amma na rantse a ranar ta fi buhun gero. Ta riƙe wuyana har numfashina yana yankewa. Taku shida ne zuwa ƙofa, na ƙirga. A bakin ƙofa ta ce in tsaya, ta miƙa hannu ta shafa saman ƙofar, ni kuwa ina jin yashi yana sauka a ƙeyata. Muka ratsa tsakar gida cikin ruwa, santsi ya kusa kayar da mu a gindin turmi, ƙanwata ta riƙe labule muka shiga.

Na sauke ta a tabarma. Ba ta gama zama ba ta ce akwatinta. Ƙaramin akwatin ƙarfe ne a ƙarƙashin gado, a ciki akwai likkafanin da ta tanada da hular marigayi.

"Je ka ɗauko. Kai da gudu kamar zomo."

Na leƙa. Ɗakin yana tsaye, ƙofa a buɗe, akwatin ina hango gefensa. Taku shida shiga, shida fita. Har na sa ƙafa ɗaya a waje.

"Mushe ya ce in an fito ba a komawa."

"Mushe ne ya haifi ubanka?"

"A'a."

"To je ka."

Ban je ba. Ƙanwata ta ce ita za ta je, na kama hannunta na zauna a bakin ƙofa na tare hanya. Kaka ta kira ni da sunaye da ban san tana da su ba. Tol yana ta ƙara a kanmu har ba na jin rabinsu. Haka muka zauna, idona a kan ɗakin, ina jira ya faɗi, ina kuma roƙon kada ya faɗi, har ruwan ya tsagaita. Baba ya shigo jiƙe sharkaf da Mushe a bayansa. Bai dube ni ba. Ya leƙa ya ga Kaka, ya zaga lungu, ya daɗe a can, ya dawo ya ja ƙyauren ɗakin ya ɗaure da igiya. Akwatin da doguwar sanda mai ƙugiya ya jawo shi daga bakin ƙofa.

A lakwal na ba da labarin cewa ina fitowa da ita rufin ya rufto a bayanmu, ƙura ta tashi har kasuwa. Ba haka aka yi ba. Ɗakin bai faɗi ranar ba, bai faɗi Juma'a ba. Sai ranar Litinin da hantsi, rana tsaka ba ko gajimare, kusurwar ta zauna, azara huɗu suka sauko a kan gadon suka lanƙwasa shi. Ba kowa a ciki. Magini ya rushe sauran bayan kwana biyu. Baba bai cire ni daga lakwal ba, amma hutun nan gaba ɗaya, in na dawo daga gona, ni ke taka lakar sabon ɗaki. Kaka ta yi kwana goma sha ɗaya ba ta yi mini magana ba, kuma ta ƙarasa daminar a ɗakin tol.